Gudu a Tsaye: Tarihin Dandamalin Gwada Kan Jirgin Ƙasa, Daga Kiev Zuwa Teburin Ɗaki

A ɗakunan masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa a Ingila, Jamus, Amurka da Japan, akwai wani ɗan abin aiki da baƙo zai iya gani bai kula da shi ba. Tsawonsa bai wuce taƙi biyu ba. Guntun katako ne, da sillen alminiyom biyu a kwance, da 'yan ƙananan boris an jera su bibbiyu. Amfaninsa ba ya bayyana sai an ɗauko ɗan kan jirgi, wato injin da ke jan taragai, an ɗora ƙafafunsa a kan boris ɗin, an sakar masa wuta. Nan take ƙafafu za su kama juyawa, sandunan gefe su shiga kai da komo, fitila ta kama, alhali jirgin yana nan inda aka ajiye shi, bai gusa ko da faɗin yatsa ba.

Ana sayar da irin wannan dandamali a shagunan kayan wasan jirgi, amma da yawa daga masu wannan sha'awa sun fi son su haɗa nasu da hannu. Dabarar kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran keke. Yakan kifar da keken, ya murza feda da hannu, ya zuba wa ƙafar baya ido ya ga inda take karkacewa. Abin da ke wucewa da gudu ba ya dubuwa, sai an san yadda aka tsayar da shi ba tare da an hana shi aiki ba.

Wannan ɗan katako yana da kakanni, kuma kakannin manya ne: gine-gine masu cin kuɗi, waɗanda aka yi domin a ɗora kan jirgi na gaske mai nauyin tan ɗari a sa shi gudu a wuri ɗaya. Tarihinsu ya ƙunshi nasara da abin kunya, kuma darasin da injiniyoyi suka koya a can shi ne wanda mai wasan jirgi ke sake koya a kan teburinsa.

Wahalar auna abin da ke gudu

Kan jirgi mai tururi gida ne na ɓarna. Daga zafin da ke cikin kwal ɗin da aka zuba masa, abin da ke zama ƙarfin jan kaya bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Sauran yana fita ta bututun hayaƙi, ko ya tsere ta jikin tukunya. Ga kamfanin da ke da dubban injina, kowanne yana cin kwal dare da rana, 'yar ƙaramar gyara a bakin bututu ko a hanyar tururi na iya zama dukiya mai yawa a ƙarshen shekara. Tambayar ita ce: ta yaya za a tabbatar cewa gyaran ne ya kawo sauƙin?

A ƙarni na 19 hanya ɗaya ce, a fita kan layin dogo a gwada. Akan maƙala wani tarago na musamman tsakanin kan jirgi da sauran taragai, mai ma'aunin da ke rubuta ƙarfin ja a kan doguwar takarda. Domin a san abin da ke faruwa a cikin silinda kuma, sai a kafa wata 'yar rumfar katako a goshin jirgin, daura da tukunya, a sa mutane su tsuguna a ciki suna ɗaukar awo yayin da jirgi ke sheƙa gudu. Zafi ta baya, iska ta gaba, ga girgiza.

Duk da wannan wahala, sakamakon bai cika gamsarwa ba. Yau iska tana busowa ta gaba, gobe ta baya. Yau dogo a bushe, gobe raɓa ta jiƙa shi. Mai zuba kwal na yau gwani ne, na gobe kuwa ya kwana bai yi barci ba. Ga hawa da gangara, ga alamar tsayawa da za ta katse gwaji ana tsakiyarsa. In aka ga bambanci tsakanin tafiyar Litinin da ta Talata, babu mai iya rantsuwa cewa daga injin ne. Abin da injiniya ke buƙata shi ne sa'a guda cur ta gudu iri ɗaya, da kaya iri ɗaya, yana auna kowane buhun kwal da kowace jarkar ruwa. Layin dogo ba ya ba da wannan.

Kiev da Purdue

Wanda ya fara gwada mafita shi ne wani injiniyan daular Rasha, Aleksandar Borodin, wanda sunansa ya zo ɗaya da na shahararren mawaƙin nan amma ba shi ba ne. A farkon shekarun 1880, a masana'antar gyaran jirage ta Kiev, ya sa aka ɗaga kan jirgi sama, aka zarga bel a ƙafafunsa, ƙarfin da yake fitarwa ya riƙa juya injinan masana'antar. Dabara ce mai kyau, sai dai injinan ba sa iya shanye ƙarfi mai yawa, don haka jirgin bai taɓa yin aiki da iyakar ƙarfinsa ba. Ban da haka, jirgin da aka ɗaga sama nauyinsa ba ya kan ƙafafunsa.

Matakin da ya kammala dabarar a Amurka aka ɗauke shi, a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana, a hannun wani malamin injiniya mai suna William Goss. A 1891 jami'ar ta sayi kan jirgi sabo daga kamfanin Schenectady, aka raɗa masa sunan kamfanin. Da yake dogo bai kai harabar jami'ar ba, sai da aka ratsa gonaki da shi, ana shimfiɗa guntayen dogo a gabansa, ana kwashe na baya ana mayarwa gaba, dawakai suna ja. Aka yi kusan mako guda ana wannan fama.

Abin da Goss ya gina shi ne uban duk dandamalin da ya biyo baya. A ƙarƙashin kowace ƙafa mai tuƙi akwai wata ƙatuwar gangar ƙarfe da ke juyawa, bakinta an sassaƙa shi kamar kan dogo. Jirgin yana zaune a kan gangunan da cikakken nauyinsa. A jikin sandunan gangunan akwai birki, wanda ke tsaya wa a madadin nauyin taragai: in an matse shi, kamar an ƙara kaya ne ko an kama hawa. Ta baya kuma an ɗaure jirgin a jikin wani turke mai ma'auni, wanda ke nuna ƙarfin da yake ja da shi. Hayaƙi yana fita ta rufin gini. Ɗalibai suna tsaye a gefe da agogo da littafi, suna iya miƙa hannu su taɓa injin da ke gudu kamar zai tashi sama.

A watan Janairu na 1894 gobara ta cinye ginin, amma aka ciro jirgin daga cikin toka, aka gyara shi, aka gina masa sabon ɗaki. Cikin shekarun da suka biyo baya Goss ya auna abubuwan da a da gardama kawai ake yi a kansu, irin su siffar bututun hayaƙi da ta fi jawo iska cikin wuta, da ribar ƙara matsin tururi da kuma inda ribar ke ƙarewa. Ya tattara sakamakon a littafin da ya wallafa a 1907.

Kamfanoni suka ga amfanin abin. Kamfanin jiragen Pennsylvania ya gina nasa dandamalin, ya kai shi babban baje kolin duniya na birnin St. Louis a 1904, inda aka gwada injina takwas a idon jama'a, har da na Faransa da na Jamus. Bayan baje kolin aka kwashe kayan zuwa garin Altoona, cibiyar kamfanin. A can ne, a shekarun 1940, wani ƙaton kan jirgin ɗaukar kaya samfurin Q2 ya nuna ƙarfin doki kusan 8,000. A Ingila kuma, George Churchward na kamfanin Great Western ya gina nasa a Swindon a 1904, sai dai birkinsa bai iya riƙe abin da ya wuce ƙarfin doki 500 ko makamancin haka ba, har sai da aka sabunta shi a tsakiyar shekarun 1930.

Zakaran Arewa a bakin kogin Sen

Nigel Gresley, babban injiniyan kamfanin LNER mai layin gabashin Birtaniya, ya daɗe yana jin wannan giɓi. Tun 1927 yake kira a gina wa ƙasar dandamali na zamani wanda duk kamfanoni za su yi tarayya a kansa. Kuɗi suka hana, domin ba a jima ba tattalin arzikin duniya ya karye. Faransawa suka riga su: a 1933 suka buɗe nasu a Vitry, bayan garin Faris, a bakin kogin Sen.

A 1934 Gresley ya fito da injin da yake alfahari da shi, mai lamba 2001, mai suna Cock o' the North, wato Zakaran Arewa. An ƙera shi a Doncaster domin jan manyan jiragen fasinja a kan layin Edinbara zuwa Abadin, mai yawan hawa da lanƙwasa. Tsarin ƙafafunsa shi ne wanda ake rubutawa 2-8-2: ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu tuƙi a tsakiya, biyu a baya. Irin wannan jeri ne da injinan samfurin River da aka fara kawo wa layin dogon Najeriya daga Ingila a 1948, ko da yake namu ƙafafunsu ƙanana ne, dogonmu kuma ya fi nasu tsukewa.

Da yake babu inda za a auna Zakaran Arewa a gida, a watan Disamba na 1934 aka tsallaka teku da shi zuwa Vitry, tare da mataimakin Gresley, Oliver Bulleid. Aka ɗora shi a kan ganguna, aka buɗe masa tururi. Ba a daɗe ba akwatunan da sandunan ƙafafu ke juyawa a cikinsu suka ɗauki zafi. Aka sauke shi, aka gyara, aka mayar, zafi ya dawo. Haka aka yi ta yi, a gaban baƙin idanu. Daga bisani aka fitar da shi kan layin da ke tsakanin Tours da Orléans, ya yi gudu da kaya, ya nuna ƙarfi mai yawa, akwatunan kuwa suka zauna lafiya. A watan Fabrairu na 1935 ya koma gida.

To, wanne ya faɗi gaskiya, ganguna ko dogo? Bayanin da injiniyoyi suka fi karkata gare shi yana da sauƙin fahimta. Layin dogo yana da laushi irin nasa: ƙarfe a kan katako, katako a kan tsakuwa, kowanne yana ɗan lotsawa in nauyi ya hau. Taragai ma suna da sassauci a mahaɗarsu. Kan jirgi mai tururi kuwa ba ya ja santsi-santsi, fizga yake yi, domin kowane bugun fistan turi ne guda. A kan hanya, dogo da taragai suna shanye wannan fizga. A Vitry gangunan suna zaune a kan kankare, turken baya kuma ba ya ba da kai, saboda haka duk bugun ya koma kan akwatunan, ya kore siririn man da ke raba ƙarfe da ƙarfe. Dandamalin da aka gina domin ya kwaikwayi hanya sai ya ƙirƙiro wata cuta da babu ita a kan hanya.

Akwai wata matsala kuma da ta shafi lissafi. Dole kowace ƙafa ta zauna daidai a ƙololuwar gangarta. In jirgin ya ɗan gusa gaba, ya zama kamar mai gangara, nauyinsa ya ƙaru a kan abin da ma'auni ke nunawa. In ya gusa baya, ya zama mai hawa, awon ya ragu. Da injin mai nauyin tan ɗari, kaucewar da ido ba zai gani ba ta isa ta ɓata awo, don haka sai da aka ƙirƙiri na'urar da ke dawo da shi kan ƙololuwa a kowane lokaci.

Rugby: ginin da ya makara

Abin da ya faru a Vitry bai sanyaya wa Gresley gwiwa ba. Ya shawo kan takwaransa William Stanier na kamfanin LMS, kamfanonin biyu suka amince a 1937 su gina dandamali na haɗin gwiwa a garin Rugby. An fara aiki, Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka dakata. Gresley ya rasu a 1941 bai ga ginin a kammale ba. Da aka zo buɗe shi a watan Oktoba na 1948, kan jirgin da aka ɗora a kan ganguna domin bikin shi ne wanda ke ɗauke da sunansa, Sir Nigel Gresley.

A Rugby ma sai da aka yi fama da fizgar nan kafin a samu sassaucin da ya dace a mahaɗar turke. Bayan nan wurin ya yi aiki mai inganci. A can aka ɗora ɗaya daga cikin injinan Bulleid samfurin Merchant Navy a farkon shekarun 1950, aka tarar cewa na'urarsa ta raba tururi, wadda sarƙa ke juyawa, ba ta cika maimaita abu ɗaya sau biyu ba. Direbobi sun daɗe suna jin haka a jikinsu, amma ganguna ne suka sa shi a takarda. A Swindon kuma, injiniya Sam Ell ya ɓullo da tsarin da ya haɗa hanyoyin biyu: a auna injin a kan dandamali, sannan a fita da shi kan layi a riƙe yawan tururin da yake sha daidai da na dandamalin, a ga ko lissafin zai tsaya. Wannan tsari amincewa ce cewa kowane ɗaya daga cikin gwaje-gwajen biyu rabin shaida ne.

Sai dai lokaci ya riga ya ƙure. A 1955 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta fitar da shirin komawa dizal da lantarki. Gwajin tururi na ƙarshe a Rugby a 1959 aka yi shi, shekara goma sha ɗaya kacal bayan buɗewa. A 1960 aka ƙera kan jirgi mai tururi na ƙarshe a Swindon, a watan Agusta na 1968 kuma tururi ya bar manyan layukan ƙasar. An rushe ginin Rugby a 1984. Takardun awonsa suna ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa da ke York.

Yadda abin ya koma kan tebur

A shekarar da Goss ke jan jirginsa ta cikin gonakin Indiyana, wato 1891, kamfanin Märklin na Jamus ya nuna wani sabon abu a kasuwar baje koli ta Leipzig: jirgin wasa mai wani, da guntayen dogo masu faɗi ƙayyadadde da ake iya haɗawa a ƙara. Daga nan abin wasan yara ya fara zama sha'awar manya. Lionel ya biyo baya a Amurka a 1900, Hornby a Ingila a 1920. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne HO, inda ake rage girman jirgin gaske sau 87, tazarar dogo kuma milimita 16.5. Ingilishi suna amfani da wannan tazara amma da jiki mai ɗan girma, sau 76, suna kiransa OO. Akwai ƙarami, N, mai tazarar milimita 9, da babba, O, mai 32.

Yawancin waɗannan ƙananan injina ƙaramar mota ce ta lantarki ke juya su, ko da siffarsu ta mai tururi ce. Wutar, wadda a tsohon tsari ba ta wuce bolt 12 ba, tana shiga ta dogo ɗaya, ta bi ƙafafun wannan gefe zuwa motar, ta fita ta ƙafafun ɗaya gefen. Wannan shi ne abu na farko da mai haɗa dandamali zai riƙe: gefen dama da na hagu kada ƙarfensu ya taɓa juna. Shi ya sa ake ɗaura sillen alminiyom biyu a kan katako ko roba mai tauri, kowanne da tasa wayar.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ga kowace ƙafa mai tuƙi ana ɗaura boris biyu kusa da juna, ƙafar ta zauna a kwarmin da ke tsakaninsu. Ga injin HO ana amfani da ƙanana, irin masu lamba 623, waɗanda faɗinsu milimita 10 ne, ramin tsakiya 3. Ga manyan injina kuwa masu lamba 608 sun isa, irin na takalmin taya, masu faɗin milimita 22. Tazarar da ke tsakanin boris na dama da na hagu dole ta yi daidai da ta dogo. In ta yi ƙunci ƙafa ta cije, in ta yi faɗi jirgi ya riƙa rawa. Da yake nisan da ke tsakanin ƙafafu ya bambanta daga injin zuwa injin, gwanaye ba sa kafe boris ɗin wuri ɗaya. Sukan yi wa kowace sandar ƙafafu nata ɗan sirdi mai zaman kansa, wanda ake zamewa gaba ko baya, wasu ma a kan guntun dogo suke ɗora sirdin ya ɗebi wuta daga nan. Ƙafafun da ba sa tuƙi kuma a tallafe su da guntun dogo da aka ɗaga daidai tsayin boris.

A lura da abin da boris biyun nan suka warware. Matsalar da ta sa Rugby ta buƙaci na'ura ta musamman, wato riƙe ƙafa a ƙololuwar ganga ɗaya, ba ta taso ba, domin ƙafar da ke cikin kwarmi ba ta da inda za ta. Ba a buƙatar turke. Farashin wannan sauƙi shi ne babu ma'aunin ƙarfin ja, babu kuma birkin da zai tsaya a madadin kaya.

Akwai tarko ɗaya da ke kama sabon shiga. Boris yana zuwa cike da giris, giris kuwa ba ya barin wuta ta wuce sosai. Sai mutum ya ga jirginsa yana sarƙewa, ya ɗauka laifin motar ne, alhali dandamalin ne ke hana ta wuta. Magani shi ne a wanke giris ɗin a ɗiga mai marar kauri kaɗan, ko a kai wutar ta ƙafafun da ke zaune a kan guntun dogo. Wannan ƙaramin Vitry ne: kayan gwaji sun haifar da cutar da ake zargin injin da ita.

In an gama, amfanin yana da yawa. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan injina sukan ba da shawarar a bar sabo ya yi kamar rabin sa'a yana gudu matsakaici gaba, rabin sa'a baya, domin haƙoran giya su saba da juna, kuma wanda ɗakinsa bai isa shimfiɗa da'irar dogo ba yana iya yin haka a kan tebur. In aka saka ma'aunin wuta a kan waya, aka rage gudu har ya zama rarrafe, asirin injin yakan tonu. Allurar da ke tsaye cak alama ce ta lafiya. Wadda ke zabura sau ɗaya a kowane zagayen ƙafa kuwa tana nuna akwai inda ke cijewa.

Sau da yawa musabbabin gado ne daga jirgin gaske. A kan jirgi mai silinda biyu, mahaɗar sandar gefe ɗaya tana gaba da ta ɗaya gefen da rubu'in zagaye, digiri 90, domin kada fistan biyu su kai ƙarshen tafiyarsu lokaci guda jirgi ya kasa tashi. Ƙaramin ma haka aka yi shi, kuma tun da sanda ɗaya ce ke haɗa ƙafafun kowane gefe, dole wannan kusurwa ta zama iri ɗaya a kan kowace sandar ƙafafu. In ɗaya ta zame ko kaɗan, sandar gefe za ta riƙa tirjewa a wuri ɗaya kowane zagaye. A kan dogo abin da za a gani kawai shi ne jirgi yana ɗingishi yana wucewa. A kan boris mutum zai sa ido a kan ƙafar, ya ga daidai inda take tsayawa. Masu injina na zamani da ke fitar da sauti ma a nan suke daidaita shi, domin jirgi mai silinda biyu sau huɗu yake huci a kowane zagayen ƙafa, kuma ƙirga hakan sai a tsaye.

Abin da ganguna ba sa faɗa

Dandamalin tebur ba ya sanin kwana, ba ya sanin hawa, ba ya sanin mararrabar dogo inda wuta ke yankewa na ɗan lokaci, ba ya sanin ƙurar da ke kwanciya a kan layi. Injin da ya yi sa'a guda yana juyi lami lafiya a kan boris yana iya kasa jan tarago shida saboda ba shi da nauyin da zai kama dogo, ko ya sauka daga layi a lanƙwasa ta farko saboda tazarar bayan ƙafafunsa ta kauce da rabin milimita. Sai an gwada akan san na ƙwarai, haka ne, amma kowane gwaji yana da tambayar da yake amsawa da wadda bai ji ba ma.

Wannan magana ta wuce wasa. Gangunan Goss suna nan da rai a ɗakunan da ake auna hayaƙin motoci, inda ake ɗora tayoyin mota a kansu a tuƙa ta a tsaye bisa tsarin gudu da doka ta ƙayyade. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya saka wa motocinsa masu dizal wata manhaja da ke gane cewa motar tana kan gwaji, sai ta rage hayaƙi mai guba har a gama. A kan titi kuwa wasunsu suna fitar da abin da ya kai ninki 40 na iyakar doka. Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a faɗin duniya. Waɗanda suka fara bankaɗo lamarin masu bincike ne na Jami'ar West Virginia, kuma abin da suka yi shi ne abin da aka yi wa Zakaran Arewa shekara tamanin kafin nan: suka ɗauki kayan awo, suka fita kan hanya, suka kwatanta. A Vitry dandamali ne ya yi wa lafiyayyen injin ƙazafi. A nan kuwa injin ne aka koya wa yaudarar dandamali. A duka biyun, da an tsaya ga shaida ɗaya da an yanke hukunci a kan kuskure.

Tsofaffin masu wasan jirgi sun san wannan ko da ba su taɓa jin sunan Goss ko Sam Ell ba. Idan allura ta tsaya cak, ƙafafu suna rarrafe ba tirjiya, sukan kashe wuta, su ɗauke injin daga kan boris, su ɗora shi a kan layi, su jona masa taragai goma. Daga nan sai su nufi da shi kwanar da ta fi kowace tsanani a ɗakin, su sunkuya, su sa ido a kan ƙafafun gaba.